Hannun Kawu Barau

Hannun Kawu Barau ya daina riƙe cokali,
rawa yake kamar ganyen ɗorawa in hadari ya taso.
Amma ajiye masa garin alkama a kwano,
ka zuba ruwa kaɗan, ka ja da baya,
ka ga yatsu sun tuna abin da kai ya manta.

Shekara arba'in da ɗoriya yana kuku a Bauchi.
Ya fara da gidan wani Ba'indiye mai koyar da lissafi.
Uwargidan ba ta jin Hausa, shi ba ya jin yarenta,
sai ta kamo hannunsa ta ɗora bisa curin:
haka, haka, murza, juya.
Capati ya kumbura a wuta kamar kumatun mai algaita,
ta tafa, shi ya ja da baya yana salati,
ya zaci abin zai fashe.

Daga nan sai gidan Kwarori masu kantin yadi a Wunti.
Gurasarsu aljihu gare ta,
ka yaga, tururi ya fito, ciki fayau ba kowa.
Shi da ya saba da ta Kanawa,
mai kauri, mai shan ƙuli da man gyaɗa,
sai da ya yi wata uku
kafin ya daina ganin an cuce shi.

Turawan Italiya masu shimfiɗa kwalta
sun ɗauke shi rani biyu.
Nasu faifai ne, a shafa tumatir, a barbaɗa cuku.
Har yau in an tambaye shi sai ya taɓe baki,
ya ce, "Ba laifi. Yunwa ce dai ba ta san da shi ba."

Shekarar da ya sauke farali
'yan ayari na can layin haƙorin Makka,
shi yana tsaye bakin tanderun wani mai dogon gemu
yana kallon yadda ake manna tamis a bangon wuta
da hannu tsirara, ko gashi bai ƙone ba.
Motarsu ta tafi ta bar shi.
A tantin mutanen Sudan ya kwana,
suka ba shi kisra, sirara har kana hango yatsunka,
wata Bahabashiya ta miƙo tasu mai tsami, mai ido dubu,
ya ɗanɗana, ya ce, "Sinasir, ashe har nan kika zo?"

Jiya bayan asuba na ce, "Kawu, a cikinsu wacce ta fi?"
Bai amsa ba. Ya karkata kunne wajen zaure,
inda Inna Talle ta ɗora tanda,
ƙullu na faɗawa cikin mai, cuuu, cuuu.

Can ya ce, "Tandar uwata a Zungur gida tara gare ta.
Ɗaya ya tsage tun ban yi wayo ba.
Masar da ke fita daga nan karkatacciya ce,
gefe ƙonanne, gefe bai gama nuna ba,
ba mai saye, ko a gyara ba a so.
Ita ake jefo mini a murfin kwano,
in ci a tsugune, hayaƙi na shiga idona."

Ya yi shiru har na zaci barci ne.

Na ɗauki kwano na fita.
Na ce wa Inna Talle ta tsince mini waɗanda suka lalace.
Ta dube ni sama da ƙasa,
ta ce, "Ni tawa ba ta lalacewa, ɗan nan,"
sannan ta laluba ƙasan kwarya ta fito da huɗu.

Na jiƙa masa su a miyar taushe, don haƙori ya ƙare.
Ya gutsura, ya juya a baki, ya daɗe.
Ya ce yis ya yi yawa,
ya ce shinkafar bana ba ta da hali,
ya ce wutar gawayi ba ta kai ta kara ba.
Sannan ya turo mini kwanon, wayam,
ya ce, "Gobe ka je da wuri."